Gurbin Mai Agogo

Yayata ta yi shekara ashirin da shida tana sharar titi ɗaya, daga tashar bas zuwa bakin gada, kuma ni shaida ce ba duk sharar take kaiwa bola ba. Wani kaso gida yake biyo ta a aljihun rigar aiki, ya sauka a ɗakin da nake ɗinki. Murfin kwalba, tikitin bas, haƙorin mataji, maɓallin riga, lanƙwasasshiyar ƙusa. Ta wanke su a tsohon bokiti, ta shanya a bakin taga, ta zuba a gwangwanaye, kowane gwangwani da sunan mai shagon da abin ya faɗo daga wurinsa. Ni da na taka ƙusa sau biyu a cikin ɗakina, ba a bakin titi ba, ina da abin faɗa, kuma na faɗa. Ko a jikinta.

Mu biyu muke zaune tun da mijinta ya rasu, nawa ma ya bi bayansa. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida. 'Ya'yanta maza suna wani gari, kullum suna bugo waya ta ajiye tsintsiyar nan haka ta huta. Sai ta ce to, gobe kuma ta riga kowa fita. A titi Uwar Titi suke ce mata. Ni Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Auta, duk da furfura ta gama cinye mini gaban kai.

Wani hoton fasfo ne ya jawo mana wannan duka. A shekararta ta uku da fara aiki ta sharo shi a gaban shagon mai hoto: wani mutum da ba ta sani ba, ya zare ido kamar an kira sunansa ba zato. Ta ce hannunta ya kasa zuba fuskar mutum a bola. Ta zo da shi gida ta manna a jikin kwali. Washegari ta manna masa tikitin bas a ƙasa, wai don ya samu na komawa gida. Kwana na uku ta rubuta layi biyu a gefe, da rubutun wadda ta bar makaranta a aji huɗu, kowane harafi ya kama gabansa. Daga nan kwali ya zama katako, katako ya zama katakai, har suka cika bayan gado da ƙarƙashinsa.

Baitocin kuwa tsintsiya ce ke ba ta, in ji ta. Tana shara tana ƙunƙuni, hannu ya tafi, kalma ta bi. Idan layi ya ƙi tafiya daidai da hannun, sai ta watsar da shi ta nemi wani. Ta dawo gida ta tauna bakin tsinken tsintsiya ya yi laushi, ta tsoma a ragowar fentin da mai rubuta allon shago ya yar, ta rubuta. Na mai faci, wanda ta rubuta a ƙarƙashin wani guntun roba, har yanzu shi na fi so:

Kowa ya zo masa da inda ya huje,
ya durƙusa ya kasa kunne,
ya gano iskar, ya toshe,
bai taɓa tambayar ina za ka ba.

Na mai yankan makulli kuwa har shi kansa sai da ya yi dariya ya riƙe ciki, don gaskiya ne:

Ya yanka wa gari makulli dubu,
nasa shagon da igiya yake ɗaurewa.

Amma Yaya tana da doka, kuma dokar nan ta ci mini rai shekara da shekaru. Ba ta manna komai sai abin da ya faɗi da kansa, ta sharo shi da tsintsiyarta. Ba ta saye, ba ta roƙo, ba ta karɓar kyauta. Gam kaɗai ya tsira daga wannan hukunci, shi ma don ba a yar da shi ne. Ni tela ce, ina da buhun ƙyallaye masu kyau, har da masu walƙiya, na sha tura mata su gabanta.

"Yaya, ga wannan, ya fi wancan tsumman da kika kwaso a kwata."

"Ya fi shi kyau," ta ce. "Amma ke kika zaɓa mini. Duk wanda zai ba ka abu, mai kyaun yake ba ka, don ka ce shi mutumin kirki ne. Ni wanda ya suɓuce masa bai shirya ba nake so."

Wata rana na yi dabara na watsa ƙyallaye uku a hanyarta, can wajen gada. Da yamma ta dawo mini da su a ninke, ta ajiye a kan kekena. Ɗinkin bakinsu ta gane.

A bara aka wayi gari an bi shagunan titin da jan fenti. Za a faɗaɗa hanya, an ba kowa zuwa ƙarshen wata ya kwashe. Shago goma sha tara ne daga tasha zuwa gada, wasu za su koma sabuwar kasuwa a bayan gari, wasu ba su san inda suka nufa ba. Yaya aikinta yana nan, titi ko ya faɗaɗa yana buƙatar shara. Amma ranar ta dawo ta zauna a bakin ƙofa da rigar aikinta, ba ta ko cire takalmi ba, kuma na ji tausayinta ƙwarai, don na san ba kwalta take sharewa ba duk shekarun nan.

Kwana biyu bayan haka sai ga ta da ƙyauren ƙofa a kan baro. Kafinta ne ya fara kwashe kaya ya jefar da shi a bakin kwata, don haka ya halatta. Ta jingina shi a tsakar gida, daidai inda nake shanya.

"Titin zan ɗora a kai," ta ce. "Tasha a sama, gada a ƙasa, kowa da gurbinsa. Ranar ƙarshe in kai shi in jingina, kowa ya ga kansa kafin a watse."

"Kwana ashirin da uku fa suka rage, Yaya."

"To ki matsar da shanyarki."

Ban taɓa ganin ta da aiki irin na wannan wata ba. Ta fita tun da sassafe, ta yi sharar safe, ta dawo ta durƙusa gaban ƙyaure har lokacin sharar yamma, ta koma. Gwiwoyinta suka kumbura, na dafa ruwa na gasa mata, tana yi mini tsawa wai kada in ɗiga a kan gurbin mai jarida. Murafen gwangwanin madara suka zama rumfar mai shayi. Fasasshen gilashin waya ya zama tagar mai gyaran waya. Mai aski ya samu haƙoran mataji goma sha ɗaya a jere, mai gyaran takalmi dunduniya guda da ta cinye ta gefe ɗaya, mai lemo kuma ragar buhu. Kwaltar titin da tikitin bas ta shimfiɗa ta, ɗaya kan ɗaya, sama da ɗari uku. Saura mako guda, goma sha takwas sun cika, kowa da baitinsa. Gurbi na bakwai daga tasha ne kaɗai ya rage fayau, faɗin tafin hannu, katako zalla.

Gurbin mai agogo ne. A titi Ƙarfe Bakwai ake ce masa a bayan ido, don idan ka ga ya zare kwaɗon akwatinsa, ba sai ka duba agogo ba. Dattijo ne siriri, ba ya son hayaniya, ba ya son a jingina da teburinsa. Teburin bai fi na ɗalibi ba, da gilashi ta gaba, da farin ƙyalle a shimfiɗe wanda yake canzawa kowace safiya. A kan ƙyallen yake kwance cikin agogo da hantsaki, da ɗan madubi maƙale a ido ɗaya. Abin da ya lalace yana da kwalbarsa, bawon gyaɗa ma ba ya ci a wurin. Shekara ashirin da shida Yaya tana share gabansa, gwangwanin da ta rubuta sunansa ko ƙura babu a ciki. Abin alfaharinsa ke nan, titi duka ya sani: hannunsa bai taɓa sakin komai ba. Mutane daga nesa suke kawo masa agogon iyayensu saboda wannan.

Tsakaninsa da Yaya gaisuwa ce da 'yar tsokana guda ɗaya da ba ta tsufa.

"Malam, yau ma ba ka yar mini da komai ba?"

"Sai dai gobe, Malama."

Kullum haka, ba ragi ba ƙari. Yanzu kuma goben ta kusa ƙarewa. Yaya ta rage cin abinci. Ta riƙa share gaban teburinsa sau uku maimakon ɗaya, har da durƙusawa tana leƙa tsagar siminti, shi kuma yana ɗaga ƙafafunsa cikin ladabi.

Na ce ba zan zuba ido taurin kai biyu su kashe mini 'yar'uwa ba. Na ɗauki agogon marigayi mijina, wanda ya tsaya tun shekarar da ya rasu, na je da sunan gyara. Ya buɗe bayansa, ya daɗe yana dubawa, ya ce in dawo jibi da yamma. Sai na rage murya na gaya masa zancen ƙyaure da gurbin da ya rage.

"Don Allah Malam, ka yar da wani abu. Ko mene ne. Ka yi kamar ba ka sani ba."

Ya dube ni kamar na ce ya fita titi ba riga. Amma mutumin kirki ne. Washegari Yaya ta dawo da wata igiyar agogo ta fata a hannunta, fuskar nan a murtuke.

"Ke kika je wurinsa."

"Ni? Gyara na kai."

"A miƙe na same ta, Auta. A miƙe sambal, daidai da ƙafar tebur, har ya share wurin kafin ya ajiye. Mutumin nan ko yarwa bai iya ba."

Ta mayar masa da ita da yamma, ta ce ga ajiyarsa. Ni kuma ta yi kwana guda ba ta yi mini magana ba, sai dai ta miƙo gwiwa in gasa.

Ranar da zan karɓi agogon, saura kwana uku. Rabin shagunan sun zama kango, an cire kwano, an bar ginshiƙai. Na same shi bai gama ba, abin da aka ce bai taɓa faruwa ba, ya ce in ɗan zauna a benci. Ina kallonsa ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai haƙora da hantsaki, bai fi kan ashana ba. Ya kai shi bakin agogon, ya janye, ya goge madubin idonsa, ya sake kaiwa. A karo na uku hantsakin ya taɓa gefen agogon, ɗan ƙarfen ya yi tsalle, ya bugi bakin tebur, ya faɗi ƙasa.

Na ga inda ya tsaya. Yana nan kusa da takalminsa na hagu, rana ta haske shi yana ƙyalli. Mai agogo ya sunkuya a hankali ya dubi ƙasa, ya dubi daidai wurin, ya wuce. Ya sa tafin hannu yana shafa siminti ta dama, can nesa da abin. Sai a lokacin na gane idonsa ne ya raunana, shi ya sa aikin kwana ɗaya ya kai uku, na kuma tuna ɗansa da aka ce yana matsa masa ya bar sana'ar ya zauna a gida, shi kuma ya kafe sai ya kama teburi a sabuwar kasuwa. Na buɗe baki zan nuna masa, sai na ji ƙarar tsintsiya a bayana.

Yaya ce ta iso da sharar yamma. Ba sai an gaya mata ba, idon da ya shekara ashirin da shida yana tsintar maɓalli a cikin ƙura ba ya wuce ƙyalli. Ta tsaya cak. Tsintsiyar ta miƙa da kanta, ta jawo ɗan ƙarfen a hankali zuwa gaban ƙafarta, ta sunkuya ta dangwale shi da yatsa. Ga shi nan a kan yatsarta. Ya faɗi da kansa, mai shi bai shirya ba, tsintsiyarta ce ta sharo. Ko alƙali ba zai ce dokar ba ta cika ba.

Na matsa kusa da ita na yi raɗa.

"Sa a aljihu, Yaya. Agogona ne, na yafe. Shekara tara yana tsaye, ya ƙara tara."

Ba ta dube ni ba. Dattijon take kallo, wanda har yanzu yake durƙushe yana shafa ƙasa, ya juya wa titi baya don kada mai aski ya gani. Na ga hannunta ya nufi aljihu, har ya taɓa bakinsa. Na san abin da ke cikin ranta, don ni na gasa gwiwoyin nan kwana ashirin. Sai ta yi taku biyu zuwa teburin da ba a jingina da shi, ta goga yatsarta a gefen farin ƙyallen, ta ja da baya ta kama tsintsiyarta.

"Malam, sannu da aiki. In wani abu kake nema, duba gefen ƙyallenka."

Ya miƙe da ƙyar, ya zauna, ya kai fuskarsa dab da ƙyallen har ya gani. Ya san sarai ƙarar da ya ji ta siminti ce. Ya ɗauki hantsaki, ya riƙe wuyan hannunsa da ɗaya hannun, ya sa ɗan ƙarfen a mazauninsa. Agogon mijina ya fara tafiya. Yaya ta share gabansa kamar kullum, shi kuma ya ɗaga ƙafafunsa.

"Yau ma ba ka yar mini da komai ba?" ta ce, da ƙarfin da mai aski zai ji.

Ya sauke ƙafafunsa, sannan ya amsa.

"Sai dai gobe, Malama."

A hanya na sauke mata kwandon masifa. Na ce ta yi wa kanta, ta samu abin da ta shekara ashirin da shida tana nema ta mayar. Ta bar ni na gama.

"In na manna shi, kowa a titin nan zai tambaya a ina na samu," ta ce. "Kuma sun san ba na karɓar kyauta."

"To gurbin fa?"

"Yana nan."

Kwana biyun da suka rage ba ta manna komai ba. Ta goge gurbin da takardar yashi har ya yi sumul, ta kewaye shi da siririn layi, ta bar shi. Baitin ne ya ba ta wahala. Ina jin ta tana share tsakar gidan da ba datti, tana ƙunƙuni. Ta fara da cewa ba ta taɓa tsintar komai nasa ba, sai ta tsaya ta ce a'a, ba za ta rubuta ƙarya a ƙofar mutane ba. Ta sake daga farko. Da ta tashi rubutawa, ba tsinke ɗaya ta tauna ba, uku ta haɗa ta ɗaure da zarena.

Ranar ƙarshe muka tura ƙyauren a baro, ni ina riƙe da sama ina mita, ita tana tuƙi. Muka jingina shi a bangon da ya rage kusa da tasha. Kafin a jima an taru. Mai shayi ya ƙirga murafensa ya ce an rage masa biyu. Mai gyaran takalmi ya gane dunduniyar, har ya faɗi mai ita. Matar mai jarida ta karanta nasu ta juya tana share ido da mayafi. Fasinjoji suka riƙa sauka daga bas suna ɗaukar hoto, wani ya tambayi Yaya ko na sayarwa ne, ta ce ya matsa yana tare wa mai faci.

Mai aski ne ya fara lura da gurbin.

"Uwar Titi, kin manta da Ƙarfe Bakwai."

"Ban manta ba. Karanta."

Ya karanta, ya yi dariya, ya ce wallahi haka ne, mutumin nan ko gashin gira bai taɓa yarwa ba. Aka aika a kira shi. Ya zo da akwatinsa a hammata, ya riga ya naɗe farin ƙyallen. Aka buɗa masa hanya. Sai na tuna sauran baitocin duk ƙananan rubutu ne, sai ka matsa kusa, kuma ga jama'a suna jira ya karanta nasa. Ya tsaya taku uku daga ƙyauren, bai ciro madubi ba, bai matsa ba. Ya karanta a fili, kalma bayan kalma, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba:

Shekara ashirin da shida na share gabansa,
safe da yamma, rana da ruwa,
ban taɓa kwana da komai nasa ba.
Ga wurinsa nan, kamar yadda yake barin sa.

Aka tafa. Wani mai shagon waya ya ce in ya kama teburi a sabuwar kasuwa a gaya masa, akwai agogon mahaifinsa. Dattijon ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana duban haruffan, waɗanda kowannensu ya kai tsawon yatsa, suka ninka na kowa sau uku. Sannan ya juyo wurin Yaya, ya yi magana a hankali yadda mu biyu kaɗai muka ji.

"Malama, nawa rubutun ya fi na kowa girma."

"Tsinken ne ya yi kauri," Yaya ta ce.

Ya ce to. Ya gyara akwatinsa a hammata, ya kama hanyar tasha. Ita kuma ta ɗauki tsintsiyarta, don taron ya zubar da bawon lemo da yawa, ta fara daga gaban gurbi na bakwai.